Wa ke bin sawun wanda alƙali ya yi wa sursi?

Jama'ar Damagaram, ku ɗauki saurayi ɗan shekara 20 da ya fizge salula a kasuwar Dole. An kai shi komisariya, an miƙa shi jastis, alƙali ya duba cewa karon farko ne, ya yanke masa wata shida sursi. Ma'anar sursi ita ce an rataye hukuncin: ba zai shiga kaso ba, amma in ya sake laifi cikin shekara 5, zai ci tsohon hukuncin haɗe da sabo. Ya fito ƙofa, uwarsa na ta godiya ga Allah. Ba wanda ya tambaye shi ina zai kwana, me zai ci, ko yana shan tramol. Da magariba yana zaune a fadar da ya baro, kan benci ɗaya da waɗanda suka koya masa fizgen. In ya koma hannu bayan wata uku sai mu ce ba ya jin magana, alhali tun ranar da aka sake shi ba wanda ya sake yi masa maganar.

Ra'ayina shi ne giɓin yana tsakanin ƙofar jastis da ƙofar gida, kuma mutum ne kawai zai cike shi: ma'aikacin bibiya, wanda alƙali zai damƙa wa mai laifi a hannu, ya sa masa ido, ya kuma kama masa hanyar sana'a. Aikin ya daɗe a duniya. Wani mai ɗinkin takalma a Boston ta Amurka, John Augustus, shi ya fara tsaya wa masu laifi a gaban alƙali a 1841. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da Ƙa'idodin Tokyo a 1990 kan hukuncin da ba na kaso ba. Mu ma a Nijar, tun 2017 muna da dokar aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri, kuma a ɓangaren yara an daɗe da sanin ma'aikatan jin daɗin jama'a masu aiki da alƙalin yara. Abin da nake kira a kai shi ne irin wannan kulawa ta kai ga wanda ya haura shekara 18, domin yawancin samarin fada da fale, wato ƙungiyoyin samarin unguwa, can suke.

Aikin yana farawa tun kafin hukunci. Ma'aikaci zai je unguwa, ko Kara-Kara ce, ko Garin Malam, ko Birni, ya samo wa alƙali amsar tambayoyi kaɗan amma masu nauyi: a ɗakin wa yake kwana, wa ke ciyar da shi, wa ke bin sa bashi, ya taɓa koyon sana'a, me ya raba shi da ita, wa yake jin nauyinsa a dangi. Kada ya tsaya kan bakin mutum ɗaya. Uwa za ta rufa asiri, maƙwabcin da aka taɓa yi wa ɓarna zai ƙara gishiri, mai unguwa wani lokaci sunan uban kawai ya sani. Sai an haɗa bakin uku ko huɗu hoton yake fita. Daga wannan rahoto ne alƙali zai san wanda ya dace a bari a waje. Kuma a faɗa ƙarara, mai fyaɗe, mai kisa, da wanda ya sari mutum da adda har ya naƙasa shi, ba su cikin wannan lissafi.

Zaman farko kada ya wuce kwana uku da hukunci, tun tsoron bai huce ba. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Takardar hukunci da Faransanci take, mai ita kuwa sau da yawa bai yi lakwal ba. Zai gyaɗa kai a kan komai don a bar shi ya tafi. Dole a warware masa sharuɗɗa da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce ya maimaita da bakinsa: ranar da zai riƙa zuwa, wurin da aka hana shi, mutumin da ba zai kusanta ba, kuɗin da zai biya. Sharuɗɗa huɗu da za a iya dubawa sun fi goma da ba mai dubawa. In ka rubuta "ya daina hulɗa da mutanen banza", ba ka rubuta komai ba. Rubuta cewa bayan sallar isha'i yana gida, kuma kawunsa zai shaida.

Kawun nan shi ne ginshiƙi. A samu namiji ko mace mai faɗa a ji a gidan, a zauna da shi a zaure, ba a ofis ba. Maganar ba ta da tsawo: "Baba, yaron nan amana ce alƙali ya bar muku. Ba na neman ku tona masa asiri, ina neman in ya kwana biyu bai kwana gida ba, ku kira ni kafin jandarma su riga ni." Dattijon da aka girmama haka yakan riƙe alƙawari. Wanda aka aika wa sammaci kamar shi ne mai laifin, rufe baki zai yi.

Sai batun sana'a, inda shirye-shirye da yawa suke mutuwa. Kowa ya san a ce a kai shi garejin babura, ko wurin walda, ko shagon tela. Abin da ake mantawa shi ne ɗan koyo ba ya da albashi, sai ɗan kuɗin sabulu in maigida ya ga dama. Saurayin da ya saba samun jika biyu ko uku a yini daga sayar da man ruwa-ruwa a kwalba ko daga fizge, ba zai yi wata biyu yana wanke sifana da yunwa ba. Saboda haka tun ranar farko a yi ciniki da maigidan: abincin rana a kansa, da ko dala ɗari a hannu kowace yamma, a kuma gaya masa gaskiyar laifin. In aka ɓoye, ranar da sukurdireba ya ɓace a shagon yaron za a fara kallo, ko da ba shi ya ɗauka ba. Ma'aikaci ya riƙa leƙawa ba sanarwa, ya kalli hannun yaron da rigarsa. Mai aiki a gareji akwai baƙin mai a ƙarƙashin farcensa.

Tramol kuma ba a barin sa da wa'azi kaɗai. Wanda ya saba da shi, in ya tsaya kwatsam, zai yi kwanaki yana zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, da rashin barci, kuma mai yawan haɗiya yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Wannan aikin likita ne. Ma'aikacin da ya ɗauki komawa shan ƙwaya sau ɗaya a matsayin karya sharaɗi zai mayar da rabin mutanensa kaso a watan farko.

Shi ya sa saɓa sharaɗi yake da matakai. Ya ƙi zuwa sau ɗaya, a kira shi, a je gida a ranar. Sau biyu, a zauna da kawunsa, a rubuta gargaɗi. Sau uku, rahoto ya tafi wurin alƙali, shi ke da ikon ɗauri, ba ma'aikaci ba. Amma in ya tunkari wanda ya zalunta ko ya ɗauki makami, babu jira. A kuma san kalandar ƙasar nan: da damina mutum zai tafi ƙauye noma, wajen Mirriya ko Matamaye, da rani wani zai so cirani Kano. A tsara wannan tun da wuri, da izini da lambar wanda zai sauka wurinsa, in ba haka ba za a rubuta manomi a matsayin wanda ya tsere.

Aikin amfanin jama'a yana da nasa ramukan. Yashe magudanan ruwa kafin damina, sharar likita, dashen itace, gyaran maƙabarta, duk suna da kyau. Yana lalacewa in aka sa wa mutum wata riga ta daban don a nuna shi, ko wani babba ya karkatar da shi zuwa gonarsa, ko aka riƙa sa hannu a rajista ba a yi aikin ba. A sa awowin da safe ko ranar da ba ya neman abinci, don kada hukuncin ya kashe masa kabu-kabun da yake ci da shi. Wanda aka yi wa ɓarna kuma kada a manta da shi: in salular jika arba'in ce, a raba biyan wata takwas, jika biyar-biyar, kowane biya da rasit. Mutanen unguwa sun fi yarda da tsarin in sun ga kuɗin na komawa hannun mai shi.

Mutum nawa ma'aikaci ɗaya zai iya riƙewa? Ku yi lissafin da ni. Kwana 22 na aiki a wata, ziyara uku a yini, ziyara 66 ke nan. In mutum goma suna buƙatar a gan su kowane mako, sun cinye 40, saura 26 ga waɗanda sau ɗaya a wata ya ishe su. Wato mutum 36 ko kusa da haka. In aka ɗora masa ɗari, ya zama magatakarda mai jiran sa hannu. Kada kuma a tara su rana ɗaya a benci ɗaya, domin ƙaramin ɓarawo zai fita da lambar babba. Ma'aikacin ya zo da kayan gida, ba kaki ba, kuma ga mata masu laifi a sa mace. Yana buƙatar babur, man da zai kai shi ƙarshen wata, kuɗin kira, da akwati mai makulli na ajiye takardu, tun da abin da ke cikinsu sirrin gidajen mutane ne. Ina roƙon masu tsara kasafin ma'aikatar shari'a da na meri su fara da ma'aikata huɗu a birnin nan, kowanne da unguwanninsa, a ba su shekara biyu, sannan a ƙirga mutum nawa daga cikin waɗanda suka riƙe suka sake tsayawa gaban alƙali.