Ƙurar da ta fi gas kisa a ramukan kwal

Duk lokacin da aka tuna fashewar ramukan kwal na zamanin da, gas ake ɗora wa laifi. Ba ƙarya ba ne, iskar metan da ke tsattsafowa daga jikin kwal tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ramin. Sai dai fashewar gas kaɗai ba ta cika wuce lungun da ya taru ba. Abin da ya riƙa kashe mahaƙa ɗari-ɗari ƙurar kwal ce, kuma masu ramukan sun daɗe da jin gargaɗi a kanta.

Gas na fashewa, guguwar iskar da ke gaban wutar sai ta tashi ƙurar da ta kwanta a ƙasa da bango da kan itatuwan tokare rufi. Wutar ta iske ƙurar a sama, ta kama, sabuwar guguwa ta tashi wata ƙurar a gaba. Haka za ta yi ta ciyar da kanta har inda ƙurar ta ƙare. Wanda ya tsira daga ƙuna kuma, iskar guba ta kabon monoksaid na jiransa, ba launi ba wari, yana tafiya ƙafafunsa su saki.

A Courrières ta arewacin Faransa, ranar 10 ga Maris 1906, mutum 1,099 suka mutu. Ramin ba ya ma cikin waɗanda aka sani da yawan gas, har fitilu masu buɗaɗɗen harshen wuta ake shiga da su. Amma ramukan a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa, wutar ta ratsa hanyoyi na kusan kilomita 110. Bayan kwana 20, an riga an fid da rai, mutum 13 suka fito da ransu. Iyalan mamatan na da gaskiya da suka tambaya: wasu nawa aka bari a ciki?

Akwai masu kāre mutanen wancan zamani da cewa ilimin bai kai ba. Gaskiya ne injiniyoyi sun jima suna gardama kan ko ƙura za ta iya fashewa ita kaɗai. Amma tun bayan haɗarin Haswell a Ingila a 1844, masana kimiyya Michael Faraday da Charles Lyell sun nuna hannun ƙura a barnar. Shekara sittin ba rashin sani ba ne.

Senghenydd ta yankin Wales ce ta fi ci mini rai. A 1901 ramin ya fashe, mutum 81 suka mutu. Dokar ramukan kwal ta Birtaniya ta 1911 ta wajabta a gyara fankar rami yadda za a iya juya akalar iska idan gobara ta tashi, don kada hayaƙi ya bi ma'aikata. Kamfanin ya nemi ƙarin wa'adi, aka ba shi, wa'adin ya cika bai yi ba. Ranar 14 ga Oktoba 1913 ramin ya sake fashewa, mahaƙa 439 suka halaka. An ci manaja tarar fam 24, kamfani fam 10. A raba wa mamatan, ran kowannensu bai kai sule biyu ba. Da irin wannan tara, wane mai rami zai tsayar da haƙa don share ƙura?

Maganin kuwa ba tsada gare shi ba. A yayyafa ruwa a inda ake sarar kwal, ko da yake ruwa na bushewa, kuma sau da yawa ƙasa ake jiƙawa a bar rufi. Abin da ya fi shi shi ne garin farin dutse, irin wanda ake siminti da shi. A watsa shi ƙasa da bango da rufi, in guguwa ta tashi, shi ma ya tashi ya shanye zafin wutar. Bayan Courrières, injiniyan Faransa Jacques Taffanel ya fito da dabarar kantocin katako a gicciye kusa da rufi, a lafta musu garin, guguwa ta kifar da su a gaban wutar. Matsalar ita ce aikin ba ya ƙarewa: ƙurar kwal mai kaurin takarda in ta kwanta bisa garin, ta isa ta ɓata kariyar. Kullum sai an sake watsawa, aiki ne da ba ya ƙara ko kwando ɗaya na kwal, shi ya sa shi ake fara yi wa ƙwauro.

A Wankie, Hwange ta Zimbabwe a yau, gas da ƙura sun kashe mutum 427 a watan Yunin 1972. A 2010 ma, a Upper Big Branch ta Amurka, mutum 29 suka mutu, bincike ya gano ba a watsa isasshen garin dutse ba. Sai bayan nan hukuma ta ɗaga ƙa'idar a hanyoyin shigar iska daga kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ba ya cin wuta a cikin ƙurar da ta kwanta.