Taron fili daban, akwati daban

Na karanta labarin nan da kuka ce ɗan takarar "sauyi" ya cika fili da matasa a Bauchi, har kuna kiran abin guguwa. To, ni dai da sauran kallo. Ina Kasuwar Wunti ranar da ya zo. Ya sauko daga jif, ya shiga Keke Napep, masu kyamara na gaba, ya kurɓi kunun aya a roba, ana gama ɗauka ya koma motarsa mai sanyi. Dattijon da ya tsaya a rumfarsa, ko nawa ake sayar da mudun masara bai tambaye shi ba.

Kullum bakinsa Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur. Su 'yan jam'iyyarsu ta NEPU tun 1950 ɗauri da duka suka sha a kan talaka, ƙauye-ƙauye suke bi. Shi kuwa ko ofishinsa ban gani a Ningi ba. Yaran da ke masa ihu a TikTok, nawa ne ke da katin zaɓe? Ranar ƙirga kuma, wa zai kwana a rumfa ya tsare masa akwati?