A naɗi muryar tsofaffin 1947, har da abin da ba a son ji

Yaron da yake da shekara goma lokacin da Turawan Ingila suka raba Indiya da Pakistan a watan Agustan 1947, yau ya doshi casa'in. Da yawan irinsa ma ba a ƙasashen biyu suke ba. Suna Bradford da Birmingham da Leicester da unguwar Southall ta Landan, wasu a Kanada da Amurka. Sun ƙare ƙarfinsu a masaƙu da masana'antu, jikokinsu kuma sun tashi ba su san me ya raba kakanninsu da garuruwansu ba.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, waƙa da rawa muka sani, ba mu cika sanin wannan ɓangaren ba. Wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, shi aka bai wa kusan mako biyar ya shata iyaka a lardunan Punjab da Bengal. Ba a bayyana iyakar ba sai 17 ga Agusta, bayan an gama bikin 'yancin kai. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi Pakistan, Hindu da Sikh suka nufi Indiya. Waɗanda suka mutu, ƙiyasi ya kama daga dubu 200 har miliyan 2. Jiragen ƙasa sun riƙa isowa Lahore ta Pakistan da Amritsar ta Indiya cike da gawawwaki. An sace mata dubbai daga kowane ɓangare.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tonon zai fama tsohon miki, ya sa jikoki su ƙi juna. Na fahimce su, amma ban yarda ba. Shirun nan bai hana labarin yawo ba, sai dai ya bar shi a hannun 'yan siyasa da littattafan makaranta na ƙasashen biyu, inda kowa ke cewa mu aka zalunta, su ne azzalumai. Tsohon da abin ya faru a gabansa ba haka yake ba da shi ba. Zai gaya maka wanda ya ƙona gidansu, a zama ɗaya kuma ya gaya maka maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, wanda ya ɓoye su a ɗakinsa har gari ya waye.

Shi ya sa nake ganin aikin ya fi kyau a ƙasashen da suka yi ƙaura. Tsakanin Lahore da Amritsar bai fi kilomita 50 ba, amma samun biza wahala ne. A Ingila kuwa, Musulmi da Sikh 'yan asalin gunduma ɗaya suna haɗuwa a shago ɗaya, suna Punjabi ɗaya. Guneeta Singh Bhalla daga California ta kafa 1947 Partition Archive, taskar adana labaran waɗanda suka ga rabuwar, bayan ta ga yadda Japan ta adana shaidar mutanen Hiroshima da suka tsira daga bam ɗin nukiliya, kuma sun naɗi mutum sama da dubu 10. Kavita Puri ta BBC, mahaifinta sai da aka shekara kusan 70 kafin ya buɗe baki. Gidan tarihin rabuwar da ke Amritsar ma sai 2017 aka buɗe shi. An makara ƙwarai.

Abin da ke damuna shi ne irin tambayar da ake yi. Jika ya kunna waya, ya tambayi kaka wahalar da ta sha, ta yi kuka, a kashe. To waye ya yi kisan? Mutum dubu ɗaruruwa ba su mutu da kansu ba. Cikin waɗanda suka tsufa a ƙasashen waje an samu waɗanda suka riƙe takobi ko suka ga ɗan'uwansu ya riƙe. Idan ba a tambayi wannan ba, ko da za a rufe sunan mai magana sai bayan ransa, an adana rabin gaskiya ke nan.

Kuma a yi hirar da Punjabi ko Urdu ko Bengali ko Sindhi, harshen da aka yi gudun da shi, fassara ta biyo baya. Kada kuma a tsaya a 1947. Mutanen Mirpur, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, da madatsar ruwan Mangla ta cinye garinsu a shekarun 1960, da 'yan asalin Indiya da Pakistan da Idi Amin ya bai wa kwana 90 su bar Yuganda a 1972, su ma yanzu furfura ta cika musu kai.