Baƙin rami: a rage tsorata mutane, a nuna musu yadda aka gano shi

Ranar 10 ga Afrilu, 2019, masana suka fito da hoton farko na baƙin rami, wanda ke tsakiyar gungun taurarin da ake kira M87. Zobe ne mai launin garwashi, tsakiyarsa baƙi ƙirin, ga shi dishi-dishi. Kafofin labarai suka yi ta zuba lambobi: nauyinsa ya ninka na rana sau biliyan 6.5, haske kan yi shekara miliyan 55 kafin ya iso nan daga can. Wani ya ji ya ce "ikon Allah", ya wuce abinsa. Wani kuma ya taɓe baki ya ce, "To, wa ya je ya auno?"

Ni ina bayan mai wannan tambaya, kuma shi ne masu yi wa jama'a bayanin sararin samaniya suka fi ƙwara. Sun fi son jan hankali da ban tsoro, su ce wani dodo ne da ke haɗiye duk abin da ya gifta. Alhali da za a ɗauke rana a yau a ajiye baƙin rami mai nauyinta daidai a gurbinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta a kan hanyarta. Duhu da sanyi ne za su gama da mu, babu abin da zai zuƙe mu. Sirrin abin matsi ne: nauyi mai yawa ya dunƙule a ɗan wuri, har ƙarfin jansa ya hana ko haske fita. Duniyar nan tamu sai an matse ta ta koma ba ta kai ƙwayar goro ba kafin ta zama haka.

Amsar "wa ya auno" kuwa tana nan a labarin wani baƙin ramin da ya fi na M87 kusa da mu, kuma ɗan sakandare zai iya bin ta. Tun shekarun 1990 ƙungiyoyi biyu suka zuba ido a tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki: ta Reinhard Genzel da madubin hangen nesa a ƙasar Chile, da ta Andrea Ghez a tsibirin Hawaii. Shekara da shekaru suna ɗaukar hoton taurarin wurin, suna lura da yadda suke gusawa. Akwai ɗaya da suka sa wa suna S2, yana kammala zagayensa cikin shekara 16, kuma da ya matso kusa a 2018 gudunsa ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa guda. Me yake zagayawa? Ba a ganin komai a wurin. Amma idan ka san faɗin zagayen tauraro da tsawon lokacin da yake ɗauka, lissafin da aka gada tun daga masanan da, Kepler da Newton, zai ba ka nauyin abin da ke riƙe da shi. Lissafin ya ba da nauyin da ya ninka na rana kusan sau miliyan 4, a cunkushe a ɗan ƙaramin fili, ba ya haske: baƙin rami ke nan. A kan wannan ne aka ba Genzel da Ghez kyautar Nobel ta 2020, tare da wani masanin, Roger Penrose. Mutum ya ji wannan, ko bai yarda nan take ba, ya san inda zai sa yatsa ya yi musu.

Za a ce irin wannan bayani yana gundurar mai karatu, a ba shi abin mamaki kawai. Ban yarda ba. Duba yadda aka haɗa hoton M87 ɗin. Babu madubi guda a doron ƙasa da zai iya hango shi, sai aka haɗa na'urorin rediyo 8 a watan Afrilun 2017, daga Hawaii zuwa Sifen, daga Meziko zuwa ƙarshen kudancin duniya, suka yi aiki tare kamar madubi guda. Bayanan da suka tara sun fi ƙarfin intanet, sai da aka loda faifan ajiya a jiragen sama. Na ƙarshen kudu ma sai da suka yi watanni suna jiran hunturun can ya wuce, don jirgi ba ya sauka. Daga nan aka raba masana gida huɗu, aka hana su leƙa aikin juna, kowane gida ya haɗa nasa hoton. Da aka zo aka baje, duka huɗun zobe suka fitar. Wane ne zai yi hamma a kan wannan labari?

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙa faɗa ba tare da jin kunya ba. Launin garwashin nan zaɓarsa aka yi, domin abin da na'urorin suka kama igiyar rediyo ce mai tsawon milimita 1.3, wadda ido ba ya gani. Kuma ba ramin kansa aka ɗauka ba, inuwarsa ce a tsakiyar iskar gas mai tsananin zafi da ke kewaye shi. Idan aka ɓoye wannan, ranar da mutum ya tsinto shi a Facebook daga bakin wani mai neman mabiya, sai ya yanke cewa duk abin ƙarya ce aka shirya.

Haka batun saɓani. Bayan an fitar da hoton baƙin ramin tsakiyar gungunmu a ranar 12 ga Mayu, 2022, wasu masana a Japan sun sake sarrafa bayanan, suka ce zoben bai fito musu yadda aka nuna ba. Ƙungiyar da ta ɗauki hoton tana kan bakanta. Sun iya yin wannan ja-in-ja ne saboda an baje bayanan a fili, kowa ya ɗauka ya gwada, kuma ko a wane ɓangare gaskiyar zoben ta faɗa, awon da aka yi da zagayen S2 yana nan daram.