Kafin a tura yaro tsibirin Malta koyon Ingilishi

Tun da kundin Refondation, wato sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar na watan Maris na 2025, ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, iyaye da yawa a nan Maradi suka fara tunanin inda za su kai 'ya'yansu su koyi Ingilishi. Daga cikin tallace-tallacen da ke yawo a Facebook har da na zuwa ƙananan tsibirai, musamman Malta, inda ake haɗa karatu da yawon buɗe ido na 'yan makonni.

Malta ƙasa ce ƙarama a tekun Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili na Italiya, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 316 ba. Ingila ta mulke ta har zuwa 1964, shi ya sa Ingilishi ya zama harshen hukuma tare da Maltanci, wanda asalinsa Larabci ne. Makarantun koyon harshe sun taru a garuruwan Sliema da St Julian's, kuma yawancinsu darasi 20 suke bayarwa a mako, kowane na minti 45. Sauran lokacin na ɗalibi ne, kuma a nan damuwata take. 'Yan ƙasar da Maltanci suke magana a tsakaninsu, abokan ajin kuwa sun fito daga Italiya da Faransa da Brazil, duk masu koyo ne. Yaronmu da ya tashi da Faransanci, idan ya je bai da tushe, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya manne wa masu jin Faransanci har ranar dawowa.

Ga kuma kuɗi. Malta na amfani da yuro tun 2008, yuro ɗaya kuwa kusan sefa 656 ne, kuma sai an nemi bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda ba kowa ake ba ba, ko da an riga an biya makaranta da masauki.

Ban ce tafiyar ba ta da amfani ba. Wanda ya riga ya iya karatu da rubutu da Ingilishi, yana shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Ingilishi ko neman gurbi a jami'ar Turai, zai ƙaru ƙwarai da zama inda dole ya yi magana da harshen a banki da asibiti da cikin mota. Amma mai farawa daga baƙaƙe ya kamata ya fara a gida. Katsina na nan bayan Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar 'yan sa'o'i, Kano ma ba nisa. A cikin garin nan akwai jami'ar Maryam Abacha da ke koyarwa da Ingilishi, kuma 'yan Nijar sun daɗe suna zuwa Akara ta Gana don wannan buƙata. Kuɗin wata ɗaya a tsibiri zai riƙe ɗalibi tsawon lokaci a ɗayan waɗannan wurare, a kusa da iyayensa, inda za a iya bibiyar karatunsa da tarbiyyarsa.

Ina roƙon iyaye su fara sa a gwada matakin yaron a wurin malamin Ingilishi amintacce, su kuma nemi sanin ko makarantar tana da lasisin hukumar Malta, kafin su miƙa wa dillali ko dala.