Maganin da ke kashe ƙaiƙayin ido yana iya tafiya da gani

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, irin su dekzametason da betametason da firednisolon. Magani ne na gaske, ba na musu. Ido ya yi jajir yana ƙaiƙayi, ka ɗiga, kafin kwana biyu ya yi fes. To wannan saurin warkarwar ne yake sa mutum ya riƙe kwalbar wata da watanni, bai san hawan jinin ido na iya shigowa ta bayan gida ba.

Sunan ma yana ruɗarwa, domin ba jini ne ke hawa ba. Ido yana da wani ruwa da yake samarwa kullum, yana kuma fitar da shi ta wata ƴar rariya da ke kusurwar gaban ido. Sitiroyid yana sa wasu sinadarai su taru a ramukan rariyar, ƙwayoyin halittar da ke share ta su yi sanyi, tsarin jikinsu ya sauya ya yi tauri. Ruwa na shiga, fita ta yi wuya. Matsin cikin ido da ya kamata ya tsaya tsakanin 10 zuwa 21 a ma'auni sai ya haura, ya dinga danne jijiyar gani. Babu ciwo, babu ja. Gefe-gefen gani ne ke fara tafiya, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa.

Ba yau aka gano wannan ba. Tun 1950 aka fara ba da rahotonsa, sannan a shekarun 1960 likitoci biyu a Amurka, Armaly da Becker, suka ɗiga wa mutane maganin na makonni huɗu zuwa shida suna aunawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku matsinsu ya ɗaga, kimanin mutum 5 cikin 100 kuwa nasu ya yi tashin gwauron zabi. Masu gilakoma, wato hawan jinin ido, da danginsu na jini, masu gajeren gani mai tsanani, da yara ƙanana sun fi shiga haɗari. Na yaran ne ya fi tsaya mini a rai, yaro mai ƙaiƙayin ido na shekara-shekara, iyaye na ɗiga masa cikin tausayi.

Ga inda nake ganin ya kamata masu bincike su fi zuba ƙarfi. An san yadda rariyar ke toshewa, har an yi nazari mai zurfi kan furotin mayosilin da sitiroyid ke ƙara yawansa. Amma har yanzu babu gwajin da zai nuna, tun kafin a ba ka maganin, cewa kai kana cikin waɗanda matsin idonsu zai hau. Wannan gwajin ya fi mini sabon magani goma.

Maganin hawan matsin kuwa a bayyane yake idan an kama da wuri. Likita ya janye sitiroyid ɗin a hankali, ko ya sauya da mai sauƙi kamar lotefirednol, sau da yawa matsin kan sauka cikin makonni kaɗan. In bai sauka ba, a ba da ɗigon rage matsi irin su timolol, in ya ƙi a yi leza ko tiyata. Kada wanda likita ya ɗora a kai ya yanke da kansa, cutar da ake yi wa magani na iya dawowa da ƙarfi.

Kuma ba ɗigo kaɗai ba ne. Allurar cikin ido, man shafawa a fatar ido, ƙwayoyin sha, har na shaƙa, duk an samu sun ɗaga matsi. Duk wanda ya haura mako biyu a kan ɗigon nan, ya je a auna masa ido. Awon bai fi ƴan mintuna ba.