Ba ƙarar bindiga ke kayar da ɓauna ba

Ni dai ban yarda da masu cewa sai bindigar da ke girgiza ƙasa ce ke kayar da ɓaunar Amurka ba. Dabbar ƙatuwa ce, babu musu, namijinta kan kai kilo 900. To amma da me aka kusa ƙarar da ita? A farkon ƙarni na 19 miliyoyi ne ke kiwo a filayen Amurka ta Arewa, kafin 1890 waɗanda suka rage a daji ba su kai 1,000 ba. Masu farautar fata ne suka yi mafi yawan wannan ɓarna, da bindigogi irin su Sharps masu cin harsashi ɗai-ɗai da baƙin albarushi. Harsashin .45-70 da sojan Amurka ya ɗauka a 1873 gudunsa kusan rabin na .30-06 ne, wato harsashin farauta da aka saba da shi a Amurka (lambobin nan sunayen girman harsashi ne), amma dalma ce mai nauyin giram 26, in ta shiga ba ta tsayawa kusa.

Abin da ke kunyata maharba a kan wannan dabba tozo ne. Tozon da gashin gaba sun sa ƙirjinta ya yi kamar ya fi yadda yake tsawo, sai mutum ya saita tsakiya, harsashi ya wuce ta saman huhu. Zuciyar kuwa tana can ƙasa, bayan gwiwar ƙafar gaba. Wanda ya kuskure wurin nan, ko igwa ya ɗauko, wuni zai yi yana bin sawun jini, dabba tana shan azaba a banza. Jihar Montana ma, inda ake harbin waɗanda suka fito daga gandun Yellowstone bisa lasisi, mafi ƙarancin nauyin harsashin da ta gindaya bai cika giram 10 ba.

Sai ƙirar harsashin kanta, wadda masu son burga ba sa ko tambaya. A 1946 wani maharbi Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar daji a Kanada, jikinta duk busasshen taɓo, harsashin Magnum ɗinsa mai tsananin gudu ya tarwatse bai shiga ciki ba. Haushin haka ya sa ya ƙera harsashin Partition, wanda ya shiga kasuwa a 1948: an raba cikinsa biyu da bangon jan ƙarfe, gaba ya buɗe ya yi ɓarna, baya ya riƙe nauyi ya ci gaba da ratsawa. Gudun da ya yi yawa a kan harsashi mai taushi shi ke fasa shi a kan ƙashin kafaɗa.

Ɓaunar Afirka kuma wata magana ce, don ita in ta ji rauni takan laɓe a duhuwa ta jira mai bin ta. Shi ya sa Tanzaniya ta sa .375 a matsayin bindiga mafi ƙanƙanta da za a farauce ta da ita, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita, har yau ana samun harsashinta a duk inda ake wannan farauta. Amma bugun da take yi wa kafaɗa ya kusa ninka na .30-06, ina ga .416 Rigby ko .458? Mutum ya sayi abin da yake tsoro, kafin ya ja kunama ya riga ya runtse ido, hannu ya goce. Kowa ya san haka, girman kai ne ke hana faɗa.

Da ni ne, ɓaunar Amurka .30-06 da Partition mai giram 13 ta ishe ni, kuma ba zan harba daga nesa da mita 150 ba. Ta Afirka kuwa, inda doka ta yarda, bindigar 9.3x62 da maƙerin bindiga Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 zan ɗauka, don bugunta ya fi na .375 sauƙi. Kuɗin da ya rage sai in sayi harsasan gwaji da su.